Hattara da masu sayar da schema da alƙawarin kai shafinka saman Google

Jama'a, damfarar nan ta isa haka. Wasu masu kiran kansu ƙwararrun SEO (dabarun ɗaga shafi a sakamakon binciken Google) suna bin masu shafukan intanet, wai za su saka musu schema, wato ɓoyayyen rubutun da ke yi wa Google bayanin abin da shafi ya ƙunsa, kafin mako ya zagayo shafi ya hau sama da taurari biyar a ƙarƙashinsa. Kuɗin aiki gaba ɗaya tun kafin a fara, sannan kuɗin "kulawa" duk wata. Duk wata fa! A kan 'yan layukan JSON-LD, wato lambar kwamfuta (code) ta schema, da ake mannawa a shafi sau ɗaya.

Hoton nan mai koren maki shi ne tarkon. Za su turo maka hoton Rich Results Test, shafin gwada schema, ya nuna kore, ka gani, hankalinka ya kwanta, ka tura kuɗi. Kuma ba wauta ba ce mutum ya yarda, domin gwajin na Google ne da gaske, koren ma na gaske ne. Sai dai gwajin ƙofa biyu gare shi: ko ka saka adireshin shafi, ko ka manna lambar kai tsaye. Ta biyun suke bi, su manna lambar da ba ta taɓa shiga shafinka ba. Ko da ta shiga ma, kore nufinsa an rubuta lambar daidai, shi ke nan. Google da kansa ya faɗa cewa lamba mai kyau ba ta tilasta masa nuna taurari ko wani ƙarin bayani.

Taurarin kuwa, tun Satumban 2019 Google ya daina nuna waɗanda kamfani ya ba kansa a ƙarƙashin LocalBusiness da Organization, nau'o'in schema na kasuwanci da ƙungiyoyi. A Agustan 2023 ya taƙaita FAQ (tambayoyi da amsoshi) ga sanannun shafukan gwamnati da na lafiya, HowTo (matakan yin abu) kuma ya daina nuna shi a shekarar. Amma har yau suna lissafa su cikin abin da ka biya, duk wata.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne AggregateRating na ƙarya, wato matsakaicin makin da wai abokan ciniki suka bayar. Su rubuta 4.9 da tarin ra'ayoyin da babu ko ɗaya da mai karatu zai gani a shafin. Dokar Google ce lamba ta dace da abin da ke bayyane. Idan aka kama, hukunci zai faɗo a sashen Manual Actions na Search Console, wurin da Google ke ba mai shafi rahoto, shafin ya rasa cancantar ƙarin bayani, kai za ka goge lambar ka nemi a sake duba ka. Su kuwa sun riga sun toshe layinka. Duk daga koren makin nan!



Ka gwada adireshinka da hannunka a Rich Results Test, ka buɗe lambar shafin ka nemi application/ld+json, alamar cewa an saka JSON-LD. Kada ka ba su matsayin mai shafi a Search Console, kada ka ba su kalmar sirrin shafinka.