Thoroughbreds: an ce mini fim ɗin dariya ne

Duk wanda ya ce maka Thoroughbreds fim ɗin barkwanci ne, ka tambaye shi irin abin da ke ba shi dariya kafin ka ƙona datarka. Ƙanwata ce ta dame ni da shi, kullum "Yaya ka kalla mana, wallahi sai cikinka ya ƙulle." Cikina bai ƙulle ba. Murmushi dai na yi a wasu wurare, shi ma irin wanda kana yi kana jin kunyar kanka. Uwargida kuwa tun ba a yi nisa ba ta ce ita ba ta ga abin kallo a wajen yara biyu masu magana kamar an tashe su daga barci ba.

Fim ne na 2017, na farko da Cory Finley ya ba da umarni, kuma asalinsa wasan dandamali ya rubuta. Ana ganin alamar hakan, don kusan komai a cikin wani ƙaton gidan masu kuɗi a jihar Connecticut ta Amurka yake faruwa, daga falo sai kicin sai farfajiya. Olivia Cooke ce ta fito a Amanda, yarinyar da ta faɗa da bakinta cewa ba ta jin komai a zuciyarta, ba farin ciki, ba baƙin ciki, ba nadama. Tana jiran shari'a saboda ta kashe dokinta da wuƙa bayan ya samu rauni. Anya Taylor-Joy ita ce Lily, ƙawarta ta yarinta, tsaf-tsaf, mai ladabin baki, wadda ta tsani mijin uwarta Mark. Amanda ce ta fara tambayarta, ba ko gezau, ko ta taɓa tunanin kashe shi.

Rabin farko ya gajiyar da ni, ba zan ɓoye ba. Minti 92 ne kacal amma tafiyarsa ta hawainiya ce. Kiɗan ma ba kiɗa ba ne, ƙwanƙwasa ce da ƙarar da ke shiga har haƙori, ga kuma rurin injin motsa jikin Mark daga bene da ba ya ƙarewa. Wuri ɗaya ya riƙe ni: inda Amanda ke koya wa Lily dabarar kukan ƙarya suna kallon tsohon fim, yadda za ta sarrafa numfashi da maƙogwaro har hawaye su zubo, sannan daga baya ta gaya mata cewa kukan da ta yi a rasuwar mahaifin Lily ma da wannan dabara ta yi shi. A nan uwargida ta ce "Subhanallahi, wannan wace irin yarinya ce?" ta tashi ta ba ni wuri.

To, abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne zaman kujera na kusa da ƙarshe. Wanda bai kalla ba ya tsallake nan.

Suna zaune a falo suna kallo, Amanda na shan abin da Lily ta haɗa mata. Sai Lily ta kasa daurewa ta ce mata ta daina sha, ta zuba maganin barci a ciki, niyyarta ta kashe Mark ta ɗora mata laifin. Na gyara zama, na ce yau za a yi ta. Amanda ta ji komai, ta fahimta sarai, ta ɗaga kofin ta shanye sauran. Barci ya kwashe ta. Lily ta hau bene da wuƙa, kyamara kuma ta ƙi bin ta. Ta tsaya cak a kan yarinya mai barci a kujera, tana matsowa sannu sannu, talabijin na ta magana shi kaɗai. Daga sama kake jin injin nan da ya ishe ka tun farko ya yi shiru, sai ƙarar faɗuwa. Shi ke nan kisan da aka shafe fim guda ana yi maka alkawari.

Raina ya ɓaci a lokacin. Na ɗauka wayar ce ta maƙale, har na taɓa fuskarta in gani. Na ce wannan ai rowa ce, ba su da kuɗin shirya faɗa shi ya sa suka ɓoye. Amma da Lily ta sauko jina-jina, ta shafa wa Amanda jinin, sannan ta kwanta a jikinta tana kuka, sai jikina ya yi sanyi. Kukan gaske ne ko dabarar da aka koya mata? Ni dai na kasa yanke hukunci. Wadda aka ce ba ta da zuciya ita ce ta ba da 'yancinta don ƙawa, mai hawaye da ladabi kuma ta karɓa ta wuce. Wannan zaman kaɗai ya biya ni datata, kuma tun daga nan na daina cewa Olivia Cooke ba ta iya komai ba sai daskarar da fuska.

Sai dai da na kwana na tashi, haushin ya dawo ta wata ƙofa. Me aka yi da Tim? Anton Yelchin ne ya fito a wannan ɗan ƙaramin dillalin ƙwaya mai cika baki, wanda Amanda da Lily suka tilasta wa aikin kisan ya tsorata ya gudu. Shi kaɗai ne mai jini a jika a fim ɗin, duk dariyar da na yi a kansa na yi ta, musamman bayan Amanda ta fasa masa kai da fitila yana kukan yadda zai yi wa babansa bayani. An ba shi 'yan fitowa kaɗan an ajiye shi. Abin ya fi ciwo da na tuna Yelchin ya rasu a Yunin 2016 yana ɗan shekara 27, motarsa ta danne shi a ƙofar gidansa, tun kafin a nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Sundance. Shi kuma Mark, mugun baki gare shi, na yarda, amma ban ga abin da ya yi da ya kai a yanka shi ba. Ƙanwata ta ce "Yaya ai nan ne ma'anar take, Lily ce muguwar." Wataƙila. Ni dai an bar ni ina kallon 'ya'yan masu kuɗi da ba ko ɗaya da zan tausaya wa sai wadda ta yanka doki.

Har yanzu ba mu daidaita ba a gidan. Ƙanwata ta ba shi tara cikin goma, uwargida ta ce in goge shi daga wayata kada yara su gani. Ni shida zan ba shi, biyar daga ciki na zaman kujerar nan ne, ɗaya na Tim. Mai neman abin da zai sa shi ƙyaƙyatawa bayan sallar isha ya nemi wani.