Babur ya daɗe a ajiye ya ƙi silo: wanki, kit, ko sabon kafireto?

Babur ɗin da ya yi wata shida ko shekara a jingine a soro, ranar da aka fito da shi yakan nuna hali iri guda. Ka zuba mai, ka ja cok, ka yi ta kik har ya tashi. Kana sakin cok ko totur sai ya mutu, wato ya ƙi silo: injin ba ya iya ci gaba da aiki a hankali da kansa. Shawarar farko da za ka ji a gareji ita ce a sauya kafireto, wanda wasu ke kira kabureta, wato na'urar da ke haɗa mai da iska kafin su shiga injin. Wani lokaci haka ne, amma a yawancin lokuta wanda ke jikin babur ɗin ya fi wanda za ka sayo a kwali inganci, kuma abin da ya hana shi aiki wata 'yar ƙofa ce da ba ta kai rabin milimita ba.

Fetur ba ya zama yadda aka zuba shi. Ɓangarensa mai saurin kamawa da wuta shi ke fara bin iska, sai ya bar wani danƙo ja-ja mai warin tsohon fenti a cikin kofin da ke ƙasan kafireto. A cikin kofin nan akwai jet biyu na tagulla, wato 'yan ƙusoshi masu huda da mai ke bi ta ciki. Babban, wanda ke ba da mai idan an murɗa totur sosai, ƙofarsa ta kai milimita ɗaya ko kusa da haka a injin 125cc, don haka ba ya saurin toshewa. Ƙaramin, wato jet ɗin silo, lambarsa kan kasance 35 zuwa 40, ma'ana faɗin ƙofarsa milimita 0.35 zuwa 0.40 ne. Danƙo kaɗan ya ishe shi. Shi ya sa babur ke gudu idan an ba shi wuta amma ba ya iya tsayawa da kansa.

Kafin ka taɓa aljihu

Kada ka sayi komai sai ka yi gwaji huɗu, duka ba za su ci maka rabin awa ba. A gindin kofin kafireto akwai sukuru na tsiyayewa. Tara farar kwalba, ka buɗe famfon mai, ka kwance sukurun. Idan man ya zubo tsaf yana gudana, hanya a buɗe take daga tanki. Idan ɗigo yake yi, matsalar tana sama: famfon mai, tiyo, ko 'yar ƙofar iska da ke murfin tanki. Ajiye kwalbar minti biyu. Ruwa zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallo, tsatsa kuma za ta nuna kamar garin barkono. Duk wanda ka gani a cikin biyun nan, ka sani tanki ma yana cikin lissafi.

Sai ka buɗe akwatin matatar iska. Soson da ke ciki yakan ruɓe ya zama gari, injin ya zuƙe shi. Ɓera na yin sheƙa a wurin, zanzaro kuma na son toshe siraran tiyo da laka, musamman tiyon shaƙar iska na kafireto. Idan wannan tiyon ya toshe, mai ba zai sauko daidai ba ko da komai na ciki fes yake.

Na uku, robar da ta haɗa kafireto da kan injin, wadda makanikai ke kira manifol. Rana da daɗewa suna tsattsaga ta. Tayar da babur, ka fesa ɗan maganin wanke kafireto a kewayenta, a fili, nesa da wuta. Idan ƙarar injin ta canja, iska na shiga ta wurin. Alamar wannan cuta ita ce ka murɗa totur ka saki, injin ya daɗe yana ihu kafin ya sauko, ko silo ya riƙa hawa da sauka. Sabon kafireto ba zai warkar da ita ba.

Na huɗu fulogi. Baƙi mai kunkunniya yana nufin mai ya yi yawa, fari fat yana nufin iska ta yi yawa. Injin nau'in Honda CG125 kan ɗauki fulogi mai lamba D8EA, ƙananan roba-roba masu 110 kuma C7HSA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Shi kam sauya shi kawai, ba shi da tsada.

Maganin zubawa a tanki

Akwai kwalaben da ake sayarwa, a ce ka tsiyaya a tanki ya wanke maka komai. Suna da ɗan amfani ga babur mai tafiya wanda silonsa ya ɗan yi rauni. Ga jet ɗin da ya toshe ruf ba sa komai, domin magani sai ya bi ta ƙofa kafin ya wanke ta. Ajiye kuɗinka.

Wanki

Wannan shi ne zaɓin da ya fi sauƙin kuɗi, kuma shi ya fi yawan yin nasara idan ajiyar ba ta wuce shekara guda ba, ruwa kuma bai kwanta a ciki ba. Abin saye shi ne gwangwanin feshi guda, da sukundireba mai bakin da ya cika tsagin jet ɗin. Tagulla tana da laushi. Sukundireba siriri zai yage tsagin, ka koma neman yadda za ka fitar da jet ɗin da ba shi da kai.

Wankin da ake yi a tsaye, a cire kofi a ɗauraye da fetur a hura da baki a mayar, shi ke sa mutane su yanke hukuncin cewa kafireto ya mutu. Sai an kwance jet ɗin silo an ɗaga shi ga rana. Idan ba ka hango haske zagaye ta cikinsa ba, bai buɗe ba. Jiƙa shi a tina na awa ɗaya ko biyu, sannan ka zura silin wayar lantarki guda ɗaya mai laushi. Kada ka sa allura ko silin kebul ɗin birki. Ƙarfe ya fi tagulla tauri, zai faɗaɗa ƙofar, babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada. A gefen jet ɗin akwai wasu ƙananan ƙofofi, haka ma a jikin dogon bututun da babban jet ke ɗaure a kai. Kowace sai ta nuna haske.

Sukurun daidaita mai da iska yana buƙatar natsuwa. Kafin ka cire shi, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, ka rubuta. Kada ka matse shi, bakinsa siriri ne, yana karyewa a cikin ƙofar. A nau'in da sukurun ke ɓangaren injin, za ka tarar da sifirin, da 'yar wosha, da ɗan zoben roba. Biyun ƙarshe sukan maƙale a ciki, iskar kwamfresa ta watsar da su cikin yashi. Fito da su tukuna. Sannan ka fesa magani ta ramin jet ɗin silo, ka leƙa ka ga ya tsarto ta ƙananan ƙofofin da ke cikin maƙogwaron kafireto. Idan bai tsarto ba, hanyar cikin gangar jikin ce ta toshe, sai an jiƙa an maimaita. Cire duk wata roba kafin feshi, maganin yana kumbura ta. Soda mai ci kuwa, wadda ake sabulu da ita, kada ta kusanci wurin. Tana cinye alminiyon.

Babura irin Suzuki GN125 da masu kwaikwayonsa suna da kafireto mai faifan roba a sama. Ɗaga faifan ga haske. Huda ko da ta kan allura ce tana hana injin karɓar wuta, kuma ba a liƙe ta da gam.

Kit

Kit shi ne 'yar ledar da ke ɗauke da gasket ɗin kofi, zobban roba, allurar fulot, jet biyu, doguwar allura da sukuru. Kana buƙatarsa idan mai na ɗiga ta tiyon ƙasa ko ta gefen kofi. Fulot shi ne abin da ke yawo a kan mai cikin kofi, yana tura allurarsa ta rufe hanyar mai idan kofin ya cika. Dubi bakin allurar fulot: baƙar roba ce mai tsini. Idan ka ga tsagi ya zagaye ta, ko ta bushe ta yi tauri, ba za ta ƙara riƙe mai ba. Girgiza fulot ɗin kansa kusa da kunne. Idan ka ji mai a ciki, ya huje, kuma ba kowane kit ne ke zuwa da shi ba, sai ka tambaya daban.

Ga inda mutane ke ɓata aiki. Suna juye duk abin da ke ledar a cikin kafireto, su zubar da na asali. Jet ɗin kit mai araha sau da yawa ba shi da lamba, ko yana da lamba amma ƙofar ba ta dace da ita ba, doguwar allurar kuma siririntarta ta bambanta. Ɗauki robobi da allurar fulot daga kit, ka mayar da tagullar asali bayan ka wanke ta. Sai wadda ta lalace za ka sauya, ita ma da mai lamba iri ɗaya.

Bayan an haɗa, gwada tsayin mai ba tare da awo ba: sa farar tiyo a bakin tsiyayewa, ka lanƙwaso ta sama a gefen kofi, ka kwance sukurun. Man zai hau ya tsaya. Ya kamata ya tsaya dab da layin gasket, kaɗan ƙasa da shi. Ya wuce layin, mai zai yi yawa. Ya yi ƙasa sosai, silo zai riƙa yankewa.

Sabon kafireto

Akwai lalacewar da wanki da kit ba sa gyarawa. Ruwa ya kwana watanni a kofi har farin gari ya cinye ginshiƙin da jet ke ɗaure a kai. Ƙafar da ke riƙe fil ɗin fulot ta karye. Zaren ramin jet ya lashe. Bakin sukuru ya karye a ciki. Ko kuma silindar totur, wadda ke hawa da sauka a cikin kafireto idan an murɗa totur, ta sassake tana lilo a raminta, iska na bi ta gefe, silo ba ya zama wuri ɗaya kome aka yi. A nan saye ya wajaba.

Tafi kasuwa da tsohon a hannu. Injinan da aka kwaikwayo daga CG kan ɗauki PZ26 a 125, PZ27 a 150, PZ30 a 200, roba-roba kuma PZ19. Lambar faɗin maƙogwaro ce a milimita, kusan-kusan. Haɗa baki da baki ka ga ramukan ƙusa sun zo daidai, ka duba faɗin bakin da ke shiga robar matatar iska, da ɓangaren da mai ke shigowa, da kuma ko cok ɗin na hannu ne ko na kebul. Kada mai shago ya ja ka zuwa babba da sunan ƙarin gudu. PZ30 a kan injin 125 yana rage saurin iskar da ke zuƙo mai a silo, wato ka sayi cutar da ka zo magani.

Sunan Keihin ko Mikuni, manyan kamfanonin ƙera kafireto, a jikin ƙarfe ba shaida ba ce, masu jabu ma suna bugawa. Hannu ya fi ido gane gaskiya. Tura silindar da yatsa: ta hau sumul, ta sauko da kanta, ba lilo. Shafa cikin maƙogwaro ka ji ko akwai kaushin zubi. Hura ta bakin shigar mai: a tsaye iska ta wuce, a kife ta tsaya cak. Wasu masu araha suna zuwa da ƙusoshin kofi marasa kai ko sukurun daidaitawa a rufe. Wannan ba ya gyaruwa, bar musu kayansu. Na kamfani daga dillalin babur ɗin ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma jet ɗinsa an auna shi da injin, kuma ga mai sana'a da babur kullum shi ya fi dacewa. Mai araha yana iya yin aiki idan ka buɗe kofinsa ka wanke ɓurɓushin ƙarfe, ka kwatanta lambobin jet da na tsohon, ka dasa na asali idan zaren ya yarda.

Na hannu daga wurin masu yanka babura yana iya zama na asali a farashi mai sauƙi, sai dai shi ma ajiyayye ne. Kada ka biya sai an buɗe kofin a gabanka, kuma ka lissafa kuɗin kit a kansa.

Ko wanne ka zaɓa, tanki mai tsatsa zai toshe shi cikin mako. Cire tankin, ka zuba 'yan notina da kananzir ka jijjiga sosai, ka ɗauraye har ya fito fari, ka shanya. Sauya tiyon mai idan ya yi tauri, ka sa 'yar farar matata a tsakani, kibiyarta na kallon kafireto. Shinshina baƙin mai ma. Idan fulot ya yi yoyo a lokacin ajiya, fetur kan gangara cikin injin ya tsinka shi, sai an juye.

Daidaitawa ana yin ta ne bayan injin ya yi zafi, tafiyar minti goma. Mayar da sukurun kan ƙirgar da ka rubuta, ko zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu idan sabo ne. Ɗaga silo kaɗan da babban sukuru mai sifirin, sannan ka riƙa juya ƙaramin kwatan zagaye a kowane karo kana saurare, ka tsaya inda injin ya fi sauti sumul, ka sauko da silo zuwa wajen zagayen inji 1,400 a minti. Sukurun da ke ɓangaren injin, kwance shi ƙarin mai ne. Wanda ke ɓangaren matatar iska, kwance shi ƙarin iska ne. Idan ka juya shi ko'ina injin bai ko kula ba, hanyar silo ba ta buɗe ba tukuna. Idan kuma komai ya yi daidai amma babur na mutuwa da zarar ya yi zafi, auna tafet, wato tazarar bawul ɗin injin, a sanyi: milimita 0.08 a CG125, 0.05 a yawancin roba-roba. Mai bugu biyu irin Jincheng AX100 kuwa, silon da ya ƙi sauka bayan an tabbatar manifol lafiya yake yakan fito ne daga sil ɗin karanshaf, wato robar da ke hana iska shiga ta gefen injin, da ya bushe, kuma wannan aikin kwance gefen injin ne.