Gargaɗi: mai tallar rimot ɗin kwamfuta ya ci min dubu 52, kuma ya dawo da sabon suna

Assalamu alaikum jama'a. Na yi kusan wata biyu ina ɓoye wannan labari don kunya, domin a gidanmu ni ake kira idan waya ta rikice ko dikoda ta ƙi kamawa. To jiya da dare na sake cin karo da tallar mutumin a Facebook, ya canza sunan shafi, bidiyon kuwa shi ne dai, ga mutane a ƙasa suna ta tambayar "nawa ne?" Sai na ga shirun ya isa haka.

Ina da wata ƙaramar kwamfutar tebur ta gwanjo, irin waɗanda ofisoshi ke sallamarwa, na jona ta da talabijin ɗin falo da wayar HDMI. Na sa mata Kodi, wata manhajar kallon bidiyo da sauraron sauti, na zuba tafsirai da wasannin yara da tsofaffin finafinai a ciki. Komai lafiya, sai abu ɗaya: kibod da linzami a shimfiɗe kan kafet, yara suna tuntuɓe da waya, Hajiya kuma in ta zo ba ta iya canza karatu sai ta kira ni. Abin da nake nema bai wuce rimot da za a riƙe a hannu kamar na talabijin ba.

Tallar da na gani cewa take: Logitech Harmony, sabo dal a kwali, kai tsaye daga Amurka, yana aiki da kowace kwamfuta, kowane talabijin, har da na'urar sanyaya ɗaki. Saura guda 6. A bidiyon ana ganin hannu yana danna rimot, fim yana tsayawa yana ci gaba a kan allo. Fuska babu, shago babu. Na yi masa magana ya ce mu koma WhatsApp. Hausarsa tsaf, ladabi kamar ɗan makarantar allo. "Alhaji, wallahi don kai ne, dubu 35, a Legas ma ba ka samunsa haka." Na ce ina shagonka in zo in gani? Ya ce kayan suna sito a Legas, zai sa a mota, kuɗin mota dubu 5. Da na zo turawa, sunan da ya fito a asusun na mace ne, bai yi kama da sunan shafin ba ko kaɗan. Ya ce na uwargida ne, nasa ya cika. Na san ba a cinikin biri a sama, na sha faɗa wa wasu, amma ranar kwaɗayin "saura guda 6" ya rufe min ido.

Bayan kwana 4 direba ya kira ni daga tasha. Tun a hannu na ji ƙullin ba nauyi. Na buɗe, ba kwali, ba takarda, wani baƙin rimot ne na roba a leda, irin na talabijin da ake shanyawa a tire a bakin kasuwa, an manna masa sitika. Na sa batir na nuna wa kwamfuta, na danna har yatsa ya yi ciwo, ko gezau.

Da a nan abin ya tsaya da na ce ƙaddara ce. Amma mutumin bai gudu ba, kuma wannan ne wayonsa. Ina kira ya ɗaga, har da salati. Wai yaronsa ne ya yi kuskuren ƙulli, amma wannan ɗin ma yana yi, dongul kawai yake buƙata, wato ɗan abin da ake cusawa a kafar USB ta kwamfuta, shi kuma dongul daban ake sayar da shi, dubu 12. Ya ce in na tura zai haɗo min da Harmony ɗin gaba ɗaya. Jama'a, na tura. Mutum in ya riga ya zuba dubu 40 a rami, gani yake dubu 12 ce igiyar da za ta ciro su. Abin da ya zo a karo na biyu ɗan dongul ne na wani linzami, har da datti a bakinsa. Da na yi magana sai ya kawo ta uku: sai an sayi lambar buɗewa daga kamfani, dubu 8. A nan ne na farka. Na ce ya dawo min da kuɗina, ya ce "Allah ya ba ka haƙuri Alhaji", daga nan hotonsa ya ɓace a WhatsApp.

Washegari na ɗauki kayan na tafi Beirut Road wajen wani yaro mai gyaran kwamfuta da muke mu'amala. Ya juya rimot ɗin, ya yi murmushi, ya ce: "Baba, wannan ai da ido yake magana, kwamfutarka kuma makauniya ce." Bayanin da ya yi min cikin minti goma, da na same shi tun farko da kuɗina na aljihuna, shi ya sa zan tsaya a kansa.

Mu duk abin dannawa rimot muke ce masa, ɗan damfara kuma a nan yake fakewa. Rimot na talabijin da dikoda da haske yake aiki, wanda ake rubutawa IR, hasken da idon mutum ba ya gani. Yana fita ta ɗan ƙwan nan da ke goshin rimot, talabijin kuma tana da nata idon da ke karɓa, shi ya sa in wani ya gitta gabanka ba ya yi. Yawancin kwamfutocin tebur da laftof na yanzu ba su da wannan idon. Wasu ƙananan kwamfutocin Intel NUC suna da shi a jiki, amma irin tawa babu. Sai ka sayi idon daban ka cusa a kafar USB, kamar wanda ake kira Flirc, wanda za ka koya wa maɓallan duk rimot ɗin da kake da shi a gida, ko tsohon risiban Windows Media Center da ke zuwa da nasa rimot. Wanda ya ce maka rimot mai haske zai yi aiki da "kowace kwamfuta" haka tsirara, ko bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani sarai.

Gwajin ma ba ya cin kwabo. Ka buɗe kyamarar wayarka, ka saita goshin rimot, ka danna maɓallin OK ko na kibiya. In ka ga wani haske mai ruwan shuni yana ƙyaftawa a allon waya, mai haske ne. Wasu wayoyin kyamarar bayansu tana tace hasken, sai ka gwada da ta gaba. Yaron ya yi min a gabana, rimot ɗina na dubu 35 yana ta ƙyafce kamar tauraro.

Nau'i na biyu shi ne wanda ya kamata in saya tun farko: mai dongul, wanda ake rubuta 2.4G a jikinsa. Dongul ɗin ɗan mitsitsi ne, bai kai filash ba, sau da yawa a cikin gidan batir ake ɓoye shi. Ka cusa a USB, kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin kibod da linzami, shi ke nan. Ba sai ka saita shi da allo ba, yana kaiwa kusan mita 10, ya ishi kowane falo. Akwai masu kibod a baya irin su MX3, akwai ƙananan kibod irin Rii i8, akwai waɗanda in ka motsa hannu kibiyar allo ta bi ka. Abin da nake so ku riƙe shi ne, rimot da dongul ɗinsa tagwaye ne, tare suke fitowa daga masana'anta a kwali ɗaya. Ba a sayar da sabon rimot irin wannan a ce dongul daban, kuma dongul ɗin wani linzami ba zai ji maganarsa ba. Lambar buɗewa kuwa, babu ita a duniyar nan. Tatsuniya ce aka ƙirƙira don irina.

Na uku mai Bluetooth ne. Shi ba ya son dongul, amma sai kwamfutar tana da Bluetooth, tsofaffin na tebur kuma da yawa ba su da shi. Yaron ya ce a kula, wasu masu talla kowane abu mara waya Bluetooth suke ce masa, ka zo gida ka yi ta nema a jerin na'urori ba ka gan shi ba.

Sai maganar Harmony, wadda ita ta fi ƙona min rai, don da na yi bincike na minti biyu da na gane. Kamfanin Logitech ya sanar da daina ƙera rimot ɗin Harmony tun watan Afrilun 2021. Na gwanjo suna nan, tsohon ajiya ma ana iya dacewa, amma wanda ke da "sabo dal" duk mako, saura guda 6 yau, saura guda 6 bayan wata biyu, ku tambaye shi wace masana'anta ke yi masa. Kuma ko na gaskiyar ka samu, sai an saita shi ta manhajar kamfanin da intanet, ba abin da za a ciro a leda a miƙa wa Hajiya ba ne.

Abin dariya, a ƙarshe ma ashe akwai hanyar da ba ta cin ko sisi. Kodi yana da manhajar waya mai suna Kore, kyauta ce. In waya da kwamfuta suna kan Wi-Fi ɗaya, ka kunna izinin sarrafawa a saitin Kodi, wayarka ta zama rimot. Masu 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi kuma sun huta, domin ta wayar HDMI rimot ɗin talabijin da kansa yana iya juya Kodi, abin da ake kira CEC, Samsung na ce masa Anynet+, LG na ce masa SimpLink. Kwamfutar tebur dai yawanci ba ta da shi sai da ƙarin na'ura. Ni saboda Hajiya na sayi mai dongul a hannun yaron, a shagonsa aka buɗe kwalin, aka cusa a laftof ɗinsa, na danna na gani da idona kafin in ciro kuɗi. Bai kai rabin abin da na tura wa wancan ba.

Na je banki na kai ƙorafi da rasit ɗin tiransifa da hotunan hirarmu, sun karɓa, sun ba ni lamba. Ma'aikacin ya ce da na zo a ranar da na tura kuɗin, da ya fi, domin irin waɗannan asusun ba sa barin kuɗi ya kwana. Don haka wanda abin ya taɓa, kada ya tsaya lallashi da kiran waya kamar yadda na yi har kwana 10. Ya ɗauki hoton tallar da hirar da lambar asusun tun kafin a goge, ya wuce banki, ya kuma kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC. Shafin ma a danna masa rahoto, in muka yi yawa wataƙila a rufe.

Ba zan sa suna ko lamba a nan ba, don mai asusun wataƙila wata baiwar Allah ce aka karɓi nata aro, sunan shafin kuma yana canzawa kamar hawainiya. Amma za ku gane shi. Bidiyon hannu ne kawai da allo, ba ya nuna bayan kwamfuta balle ka ga abin da aka cusa. Ba ya amsa farashi a fili, sai "duba inbox". Duk sharhin da ya yi ƙorafi kafin awa ɗaya ya ɓace. Na rubuta nawa jiya da ƙarfe 9, kafin in kwanta babu shi. Yanzu ya ƙara da akwatin Android da yake cewa yana buɗe duk tashoshin duniya kyauta har abada. In kun ce ya yi muku kiran bidiyo ya buɗe gidan batir ya nuna dongul, zai ce ba sabis a sito. In kun ce a biya bayan kaya sun iso an gwada, zai ce an sha cutarsa, kuma zai rantse.

Baƙin rimot ɗin yana nan a gida. Ɗan wana ya gwada shi a tsohon talabijin ɗin ɗakin yara, maɓallin ƙara murya ne kaɗai ke yi, na ragewa ba ya yi.