Daga Accra zuwa Nzulezo a motar masu yawon buɗe ido: abin da kuɗina ya saya

Kamfanin ƙarami ne, ofishinsa a Accra, kuma hajarsa ita ce zagayen gaɓar tekun Gana ta yamma. Kuɗi ɗaya za ka biya, su kuma su ɗauki nauyin mota, ɗan jagora, masauki, karin kumallo da kuɗin shiga wurare. Wani ƙanena mazaunin unguwar Nima a Accra ne ya haɗa mu da su. Kuɗin bai tafi a banza ba, sai dai sun cusa wurare da yawa cikin ɗan lokaci, kuma inda ya fi daɗin zama nan aka fi yi mana gaggawa.

An ce mu shirya bayan asuba, motar ba ta iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Abin da ya biyo baya shi ne cunkoson Kasoa, wanda duk mai bin hanyar Cape Coast ya san shi. Wannan lattin ya bi mu har dare.

Dajin Kakum ne ya wanke mini zuciya. Yana arewa da Cape Coast da kimanin kilomita 30, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 375, kuma a 1995 aka buɗe gadojin igiya guda 7 da aka ɗaure a jikin manyan bishiyoyi. A wani wurin, tsakaninka da ƙasa ya kusa mita 40. Faɗin katakon da kake takawa bai wuce na mutum ɗaya ba, raga ta tare ka dama da hagu, gadar kuma tana lilo da kowane taku. Ni ɗan Katsina ne, na saba hango sararin Allah ta kowace kusurwa, sai ga ni ina kallon kan bishiyoyi daga sama. A nan jagoranmu ya ci kuɗinsa. Da ya ga wata dattijuwa cikinmu ta ƙame a gada ta biyu, sai ya koma da baya, yana ce mata da Hausar zango, "Hajiya, kar ki duba ƙasa, duba ni," har ta haye. Ya kuma gaya mana gaskiya tun a ƙofa: akwai giwayen daji a Kakum, amma mai zuwa da rana tsaka cikin hayaniyar 'yan makaranta kada ya sa ran ganinsu.

Elmina mun tsaya a gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin a zuba su jirgi. Ba wurin raha ba ne, kuma jagoran bai mayar da shi wurin ɗaukar hoto ba. Kwalekwalen masunta na cike a bakin ruwan Benya, domin ranar Talata ce, ranar da masuntan yankin ba sa shiga teku.

Nzulezo kuwa sai wanda ya gani. Daga Beyin ake hawa kwalekwale, a ratsa fadama mai cike da bado da tukurwa, tafiyar kusan awa guda idan da filafili ake tuƙi, sannan a faɗa tafkin Amansuri. Ruwan baƙi ne kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ƙauyen kacokan a kan turaku yake, gidajen na gwangwala, da titin katako ɗaya a tsakiya, har da makaranta. Kamfanin ya ba kowa rigar kariya ba tare da mun roƙa ba, na yaba da wannan. Abin da ban so ba shi ne yadda wasu cikinmu suke cusa waya a fuskar mutane suna girki a ƙofar gidajensu, jagoran kuma ya yi shiru.

Ƙorafina babba a Busua yake. Rairayi mai faɗi, inuwar kwakwa, iska mai sanyi, soyayyen kifi da dokunu (dafaffen ƙullun masara) da shito (miyar barkono), amma ko takalmi ba mu gama cirewa ba aka fara kiran mu koma mota. Cape Three Points, wato ƙarshen Gana ta kudu inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take, tana cikin takardar da aka ba mu, sai aka soke ta a hanya wai ruwan sama ya ɓata titi. Na yarda, yankin nan ya fi ko'ina samun ruwa a ƙasar, musamman Mayu da Yuni. To me ya hana a faɗa mana kafin mu biya? Ko sidi ɗaya ba a rage mana ba.

Ba su tanadi lokacin salla ba, amma da muka yi magana direba ya riƙa tsayawa, a Takoradi ma har masallacin zango ya kai mu. Masaukin tsaf yake, ruwan zafi ne dai sai an tashi da sa'a.

Mai ciwon gwiwa ya sani akwai hawan tudu kafin gadojin Kakum. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya iya idon sawu, igiyar tekun nan tana jan mutum. Idan za ka biya, ka nemi a rubuta maka kwana a Busua ko Beyin, a kuma rubuta abin da za a mayar maka idan an soke wani wuri.