Kafin ka sayi wasan tseren mota: fara duba taya

Mai zaɓen wasan bidiyo na tsere a Damagaram yakan fara kallon kyan hoto. Abin da ya kamata ya duba shi ne taya. Ɗan kabu-kabu ya san yadda rairayi kaɗan bisa kwalta ke kwashe ƙafar gaba a kwana. Wasa na ƙwarai haka yake sa ka ji.

Gwajin ba wuya. Shiga kwana da gudu, ka ƙara murɗa sitiyari. Taya ta gaske tana ƙara riƙo har wani ɗan mataki, daga nan sai ta fara sulɓi, ƙarin murɗawa ba ya ƙara komai. In motar ta ci gaba da juyawa kamar an ɗaure ta da igiya, wasan nishaɗi ne, irin Need for Speed ko Forza Horizon 5.

Assetto Corsa Competizione na 2019 ya fi kowa tsanani cikin waɗanda ake samu a PS4. Motocin GT3 ne, wato rukunin motocin tsere da ake ginawa daga motocin titi, da tayoyin Pirelli. A zagayen farko taya na da sanyi, ba ta riƙo, nan sababbi ke kifewa. Iskar taya tana so ta kai wajen psi 27, a ma'aunin iska, bayan taya ta ɗau zafi. Ta yi ƙasa, motar ta yi nauyi a kwana. Ta wuce, riƙon ya ragu. Ka danne birki har taya ta ƙafe, wuri guda ya cinye, sitiyari ya dinga karkarwa. Da manet, wato abin riƙewa a hannu na buga wasa, wahala ce, gaskiya. Sai da sitiyari mai turo hannu irin Logitech G29, mai juyawa digiri 900. A kula: G29 na PlayStation da kwamfuta ne, na Xbox G920 ne.

Gran Turismo 7 na 2022 ya fi sauƙi da manet, tayarsa tana cinyewa, tana kuma sulɓi a ruwa. Aibinsa, yawancin wasan ba ya buɗewa sai da intanet. iRacing kuwa ga kuɗin wata ga intanet dole, a bar shi.

Mai tsohuwar kwamfuta ya nemi Assetto Corsa na 2014: ba nauyi, ba ruwansa da intanet. Mai PS4 da manet kaɗai, in layinsa na da ƙarfi, ya ɗauki Gran Turismo 7, ya tara kuɗin sitiyari a hankali.