Labadi, Busua ko Ada Foah: ina za ka kai iyali bakin teku a Ghana?

Gaɓar tekun Ghana ta haura kilomita 500, daga Aflao har iyakar Kwaddibuwa, amma ba ko'ina ne za ka saki hannun yaro ba. Tekun nan yana da ja ta ƙarƙashi. Kana tsaye ruwa iya gwiwa, igiya ta dawo ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Shi ya sa ni kafin in tambayi kuɗin ɗaki, ruwan nake fara tambaya.

Labadi tana cikin Akra, sauƙin zuwa ke nan amfaninta. Ran Asabar da Lahadi kiɗa ne da dawakin haya da cunkoso. Kokrobite ta matasa ce masu rawar dare, ba wurin mai iyali ba. Busua, can yamma da Takoradi, tana da rairayi mai kyau, sai dai hanya doguwa ce, kuma masu hawan igiyar ruwa da allo suka fi morarta. Cape Coast da Elmina kuwa tarihi ke kai mutum, musamman ganuwar Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ba wanka ba.

Ni dai Ada Foah na zaɓa, kuma ina nan a kai. Kilomita kusan 100 ce gabas da Akra. Ka bi hanyar Aflao, ka karya a mararrabar Kasseh. A nan kogin Volta yake zubawa cikin teku, sai aka samu siririn tudun rairayi da bishiyoyin kwakwa, teku na ruri a gefe guda, kogi na kwance lakadan a ɗaya gefen. Yarana a gefen kogin suka yi wasa, muna zaune da mahaifiyarsu muna kallonsu, har na shimfiɗa darduma na yi La'asar hankalina kwance. Kifi kuwa daga kwalekwale zuwa kan wuta, babu zullumin halal ko haram. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris kunkurun teku ke fitowa cikin dare su yi ƙwai a rairayin. Sai dai kada yara su shiga kogin can sama inda ruwa ba gishiri, saboda tsargiya.

To ga inda na ƙone. Shekarar da muka fara zuwa, a Facebook na ga hotunan wani masauki, ɗakuna tsaf, farashi mai sauƙi. Wanda ya ɗauki waya ya ce Disamba ce, ɗakuna na ƙarewa, in tura rabin kuɗi ta MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya. Na tura. Muka isa da jakunkuna da yara uku, mai wurin ya duba littafinsa ya ce bai san lambar ba, hotunansa aka sata. Na kira, waya a kashe. A gaban iyalina aka yi wannan, har yau ina jin ciwon.

Don haka ɗan'uwa, kada ka tura ko sidi ɗaya, wato kuɗin Ghana, sai sunan da MoMo ya nuna maka ya dace da sunan masaukin. Ka nemi kiran bidiyo, a zagaya da kai ɗakin da banɗakin kana gani. Wanda ke gaggauta ka, ka bar shi. Tun bikin 2019 da Ghana ta gayyaci baƙaƙen fata na ƙasashen waje masu asali da Afirka su dawo gida, Disamba ta zama lokacin tsada a Ghana, kuma lokacin ne 'yan damfara suka fi baza komarsu.

Masu kwalekwale ma ka yi musu magana ƙarara tun kana tudu: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, zuwa ne kawai ko har da dawowa. Ka ƙirga rigunan ceto da idonka, har da na yara, kafin kowa ya sa ƙafa.