Iska nawa ya kamata a sa wa tayar gaba ta A Daidaita Sahu?

Yawancin 'yan adaidaita, in sun tsaya wajen mai faci, abin da ke faruwa ɗaya ne: yaron shago ya jawo tiyo, ya bai wa duk tayoyin uku iska, ya danna da babban yatsa ko ya ƙwanƙwasa da sifana, ya ce "ta yi, oga." Shi ke nan, an kama hanya. Ga tayoyin baya ana iya tsira da wannan na ɗan lokaci, tunda biyu ne. Ta gaba kuwa ita kaɗai ce, ita ke juya keken, kuma duk lokacin da ka taka birki nauyi kanta yake zubowa. Shi ya sa nake ganin ta cancanci a zaɓa mata iska da lissafi.

Bajaj RE da TVS King, waɗanda suka cika titunan Kano, Kaduna da Maiduguri, injinsu a baya yake, fasinjoji ma a baya suke zama. Don haka nauyin da ke kan tayar gaba bai kai na baya ba, ko da yake girmansu ɗaya ne, wato 4.00-8. Wannan ne dalilin da ya sa littafin kamfani kan ba ta gaba iska ƙasa da na baya: ita wajen 30 a geji, su kuma sama da haka kaɗan. Talatin ɗin nan a ma'aunin psi ne. In gejin na bar ne, 2.1 za ka nema, domin bar ɗaya ya yi daidai da psi 14.5. Duba littafin kekenka ka tabbatar, shi ne alƙali.

Akwai masu son ta da tauri, 40 ko fiye. Hujjarsu ita ce kan keke ya fi sauƙin juyawa, kuma mai ya fi auki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma mai biyan balas kullum ba za a ga laifinsa ba in ya nemi rage kuɗin mai. Sai dai ribar ba ta taka kara ta karya ba, asarar kuwa tana da yawa. Tayar da ta sha iska fiye da kima tsakiyarta kawai ke taɓa kwalta. Ka duba irin waɗannan kekunan a tasha: tsakiyar tayar ta goge sumul, gefe da gefe kuwa zanen na nan sabo fil. Wurin da ke riƙe da ƙasa ya ragu, saboda haka in ka taka birki a kan yashin da iska ta kwaso kan titi, ko a farkon damina da ruwa ya haɗu da baƙin mai, gaban sai ya zame maimakon ya tsaya. Ga kuma jijjiga. Duk ramin da ka faɗa, kai tsaye yake hawowa cikin shokozoba da wuyan keke har zuwa kafaɗunka, kuɗin da ka tsira da shi a gidan mai ya koma hannun bakanike.

Wasu kuma sassautawa suke yi, 22 zuwa 25, musamman masu shiga unguwannin da babu kwalta. Tafiya takan yi laushi, kuma cikin rairayi taya mai sassauci ta fi kama ƙasa. Amma a kan kwalta wannan zaɓin ya fi na farko haɗari. Gefen tayar yana ta lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafi kuma shi ke kashe taya, balle a watan Afrilu da rana ke haura digiri 40. Kan keke zai yi nauyi, a kwana za ka ji gaban yana lilo, mai zai ƙaru, gefuna biyu su cinye su bar tsakiya. In ka daki bakin rami da gudu, rim na iya matse tub ya tsaga shi wuri biyu. Fashewar tayar gaba da mutum huɗu a ciki ba abin wasa ba ne, keke mai ƙafa uku ba ya da wuyar kifewa.

Abin da zan zaɓa shi ne lambar kamfani. In an ƙara lodi, na baya ake ƙara wa iska, ta gaba a bar ta yadda take. Masu keken kaya, irin mai kan babur da akwati a baya, nasu lissafin daban ne, domin injin yana wajen gaba kuma tayoyin sun fi girma, kada su ari lambar A Daidaita. Lambar da ke rubuce a jikin taya kusa da MAX kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba ita ake so ka sa ba. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa.

Lokacin awo ma yana da muhimmanci. Da safe ake aunawa, kafin a fita. Iska tana kumbura da zafi, kusan psi ɗaya a duk ƙarin digiri 5 zuwa 6, don haka tayar da ka auna 30 da sanyin asuba za ta iya nuna 33 ko 34 da azahar bayan ta sha hanya. Kada ka rage, haka ya kamata ta kasance. In ka sace mata iska tana da zafi, gobe da safe za ka same ta ƙasa da ƙa'ida. Shigowar hunturu kuma takan sauke awon, sai a riƙa dubawa akai-akai.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da gejinka na kanka, domin na wajen faci ya sha faɗuwa da ƙura. Iri uku ne a kasuwa. Mai kama da biro ya fi araha kuma yana shiga aljihu, amma ƙura na sa sandarsa ta riƙa maƙalewa. Mai fuskar agogo ya fi sauƙin karantawa, sai dai in ya faɗi ƙasa da ƙarfi yakan fara ƙarya. Mai batir ya fi nuna lamba dalla-dalla, matsalarsa mutuwar batir. Ga mai aiki kullum, mai agogo nake ba da shawara, wanda iyakarsa 60, tunda irin na manyan motoci layukansa sun yi cunkoso, ba za ka bambance 28 da 31 ba. Ka ajiye shi a akwatin gaba cikin tsumma, ka auna aƙalla sau ɗaya a mako, kuma ka sa wa bawul murfinsa don kada ƙasa ta shiga ta sa shi tsiyaya.